Kawu Mai Fasa Tukwane

Wanda ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da ruwan sama bai ɗauke ba. Gare shi duk za mu koma. Ƙanen mahaifiyata ne, shi kaɗai ne jinina a ƙasar nan, kuma shi kaɗai ne ya taɓa sanin inda ɗana yake kwance.

An yi zaman makoki a flat ɗinsa na unguwar Whalley Range a Manchester, ɗaki ɗaya da kicin a saman wani tsohon gida da aka yayyanka aka zuba 'yan haya. Takalma sun cika matakala har ƙofar waje. Likitoci sun zo, injiniyoyi sun zo, ɗaliban uni, wato jami'a, sun zo da jakunkunansu a baya. Maza suna ɗaki, mu mata muna kicin a tsaye, yara suna kan matakala suna tambayar juna da Turancin Manchester wai kakan waye ya mutu.

Wani likita ya ce Kawu ne ya wanke mahaifinsa lokacin da ya zo jinya ya cika a nan, sai likitan ya yi ta kuka har aka fita da shi. Wannan kukan na gaskiya ne, na gani. Wata mata ta riƙe hannuna ta ce, "Wallahi Kawu was so special, Anti." Ba ta saki hannun ba ta tambaye ni ko council, hukumar gari, za su karɓe flat ɗin, don tana da ɗan yaya da ke neman ɗaki kusa da uni. Wani ɗalibi ya ce ya daɗe yana son ya zauna da Kawu ya ɗauki muryarsa a kan maƙabartun da ya sani, karatu ne ya hana shi. Maƙwabciyarsa ta ƙasa, wata tsohuwa 'yar Jamaika, ta hawo da ƙyar ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ba ta ce komai a kan halinsa ba. Ta ce dai yanzu ba ta san wanda za ta riƙa ba wa tsofaffin tukwanen furenta ba.

Da la'asar Liman ya sa aka kira ni bakin matakala. Ya ce Kawu ya bar wasiyya a wurinsa: kada a sa masa dutse mai suna a kabari, a fasa tukunya a sa a kai da ƙafa kamar yadda ake yi a gida. Ya ce masu maƙabarta ba sa barin a kafa dutse sai ƙasa ta zauna, bayan wasu watanni, to a lokacin dangi ne ke da magana.

"Ke ce dangin, Hajiya," ya ce.

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce na ji.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, a kicin ɗin jirgin ruwa. Ya sauka bai koma ba. Wankin bas ya yi a gareji har ƙarfinsa ya ƙare. Dogo ne, yana sa hular gida sannan ya ɗora ta ulu a kanta, sai kansa ya yi kamar tulu. Bai yi aure a nan ba. Goro ne abincinsa, na wani shago a unguwar Lozells ta Birmingham, ya ce na Manchester ɗanɗanon kwali gare shi. Ba ya musu da mutum. Za ka yi ta bayani har bakinka ya bushe, ya saurare ka tsaf, ya ce, "To, an ji," ya tashi ya yi abin da ya ga dama.

Duk Bahaushen da ya mutu tsakanin Manchester da Birmingham a shekarun nan, da wuya in ba hannun Kawu ne ya wanke shi ba. Ɗalibin da ba shi da kowa, baƙon da ya zo asibiti, matafiyin da aka rasa danginsa. Ba a kiran sa sau biyu. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne yawon maƙabartu. In ya ce, "Zan je in gaida mutanena," to kowa ya san ba masu rai yake nufi ba.

Tsofaffin maƙabartun ƙauye yake bi. Ya faɗa mini yadda suke tun kafin in gani da idona. Coci a tsakiya, duwatsun Turawa a jere, wasu da mutum-mutumi mai fukafukai. Can baya sai shinge na ƙaya, bayan shingen kuma kwari inda ruwa ke kwanciya. Nan ake sa waɗanda ba nasu ba: ma'aikatan jirgi, Larabawa, baƙaƙen fata, duk wanda ya mutu a garin ba a san cocinsa ba. Ba dutse, ba suna. Kawu yakan ji labari daga tsofaffin gareji ko na masallaci, wai a ƙauye kaza an taɓa binne wani namu, sai ya hau bas ya tafi. Ya ce ƙasa tana lotsawa kaɗan inda mutum yake, kuma kabarin Musulmi a karkace yake kwanciya, ba ya bin layin sauran, saboda alƙibla. In ya gane wurin sai ya fito da tukunyar fure ta yumɓu daga leda, ya ajiye, ya taka da dunduniya. Ɓari ɗaya a kai, ɓari ɗaya a ƙafa. Ya karanta Ƙulhuwallahu, ya koma tashar bas.

An taɓa kira masa 'yan sanda. Wani mai yawo da kare ne ya ga baƙin mutum yana fashe-fashe a maƙabarta. Kawu yana son ba da wannan labarin. Ya ce ɗan sandan ya tambaye shi ko mamacin danginsa ne, shi kuma ya ce duk wanda aka ajiye a bayan shinge danginsa ne. Sai ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Ni renon yara ya kawo ni, a gidan wani likita da ke aiki a wani ƙauye tsakanin Manchester da Birmingham. A can na yi aure. Mijin ya tafi gida duba mahaifiyarsa ina da ciki, bai dawo ba, maganarsa ke nan. Yaron ya zo kafin lokacinsa. Aka sa shi a akwatin gilashi, ni kuma ina wani ɗakin ban san inda kaina yake ba. Kawu ya zo, ya sunkuya ta ƙofar gilashin ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa suna. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunan ba. Bai daɗe a duniya ba. Kafin in iya tsayawa da ƙafata Kawu ya wanke shi ya kai shi maƙabartar ƙauyen, bayan shinge. Da ya dawo ya ce mini an yi komai yadda ya kamata, ya fuskantar da shi gabas da hannunsa, ya fasa tukunya.

Da na fito, masu gidan suka ce sun sami wata, yaransu ba za su jira in warke ba. Kawu ya zo da jakar Ghana-must-go ya kwashe kayana. Ya ba ni gadonsa, ya koma kujerar kicin har sanyin shekarar ya wuce. Yana dafa mini ruwan zafi safe da yamma, ya ce maijego ce ni ko da ɗa ko babu. Yana tuƙa tuwon semolina mai gudaji da miyar kuka da ba gishiri, ya tsaya a kaina sai na cinye. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, kuma na gode masa da wannan. Da ba don shi ba da ban kai bazara ba. Na faɗi wannan don kada wanda ya karanta sauran ya ɗauka na manta.

Da na sami ƙarfi na ce ya kai ni in ga wurin. Ya ce mace ba ta shiga maƙabarta. Na bari shekara ta zagayo na sake tambaya, ya ba ni amsar da ya ba ni a farko. Sai na ce to a sa dutse, ko ƙarami ne, da sunan yaron, don ko ban je ba in san akwai shi. A nan muka ɓata. Ya ce dutse na masu alfahari ne. Ya ce uwata ba ta da dutse, kakana ba shi da dutse, kuma ba wanda ya ɓace wa Allah a cikinsu.

Na ce, "Kawu, a gida unguwa guda ce ta raka uwata. Mai tsaron maƙabarta ya san wurin, 'ya'yansa sun sani. A nan kai kaɗai ne."

Ya ce, "To, an ji."

Na haɗa kayana na koma Birmingham. Na kama ɗaki a Lozells, na shiga aikin kula da tsofaffi gida-gida, na koyi mota, na koyi karatu a ajin manya. Shagon goron yana kan layinmu. Shekaru na wuce shi ban sayi ko ƙwaya ɗaya na aika masa ba. Da salla mukan gaisa a waya, gaisuwa kawai. Amma na san duk shekara kafin azumi yana hawa bas ya je wurin yaron, ya cire ciyawa, ya sa sabuwar tukunya in tsohuwar ta dagargaje. Mai kula da maƙabartar, wani tsohon Bature, ya saba da shi. Da almakashin lambu yake yanke ciyawar bayan shingen, yana kewaye ɓarin tukwanen, har shayi yake ba Kawu a 'yar rumfarsa.

Sai shekarun da gwamnati ta shiga yanke komai suka zo, abin da suke kira austerity. Aka rufe laburaren da Kawu ke zuwa jin ɗumi. A wurin aikina aka rage lokacin da muke yi da kowane tsoho, har sai ka zaɓa ko ka yi masa wanka ko ka ba shi abinci. Bas ɗin ƙauyuka aka soke su ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan waya ta yi ƙara, na ɗauka, Kawu ne, ko sallama bai gama ba ya ce, "An ce kina da mota."

Haka muka shirya. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Na saya masa goro na tafi.

Na zama direbansa. Ranar hutuna in tashi daga Birmingham in ɗauke shi, mu bi ƙananan hanyoyi tsakanin gonaki da tumaki, leda cike da tukwane tana ƙara a bayan mota. Ba ya karanta allon hanya. Da itatuwa da gidajen giya yake gane kwana, ya ce in mun wuce mai hoton doki in yi dama. In mun isa sai ya ce in tsaya a bakin ƙofa. In zauna a mota in bi bayansa da ido har ya ɓace tsakanin duwatsu. Maƙabartu da yawa na sani ta haka, daga ƙofa. Wata tana bayan gonar dankali, wata an gina gidaje har jikin katangarta, wata sai an bi ta cikin garken shanu. In ya dawo yakan ba ni rahoto kamar wanda ya je gaisuwar dangi. Balaraben nan ruwa ya ci gefensa. Mutanen jirgin nan suna nan lafiya, ƙaya ce dai ta rufe su.

A ƙofar maƙabartar yaron ma haka nake tsayawa. Daga mota ina hango rufin coci da saman shingen. Nakan kafa wa shingen ido in ce yana bayan wancan. Na yi masa biyayya. Mutumin da ya kwana a kujera saboda ni, ban iya tsallake maganarsa a gabansa ba.

Wata shekara rashin lafiya ta kwantar da shi, ba mu je ba. Da muka koma a shekarar da ta biyo, tun daga ƙofa na ga 'yar rumfar mai kula an sa mata kwaɗo, gilashin tagar a fashe. Na ɗaga ido ban ga saman shingen ba. Na ce ko daga inda na tsaya ne. Kawu ya shiga da ledarsa. Na jira, na ƙara jira, har ruwa ya fara sauka. Sai na buɗe mota na shiga.

Duwatsun Turawa suna nan a tsaye, kowanne an zagaye shi da yanka tsaf. Shingen babu shi, an tumɓuke. Kwarin an cike shi an daidaita, ciyawa ta fito kore shar kamar filin ƙwallo. Kawu yana tsakiya da tukunya a hannu ba a fasa ba. Yana takawa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake takawa daga wani wurin. Daga jikin shingen yake fara awonsa duk shekarun nan, shingen kuma babu.

Ya gan ni. Bai ce in fita ba, a nan na gane.

"Kawu, ina yake?"

Ya ɗaga hannu ya nuna, ya sauke. Ya nuna wani wurin. Ya ce tsakanin nan ne da can. Tsakanin nan da can ɗin zai ɗauki motoci da yawa.

A jikin katanga an tara shara: busassun furanni, robobi, rassan shingen. Na durƙusa na tona da hannu. Ɓarin tukwane ne a ciki birjik, na shekara da shekaru, na yarona da na sauran da ke bayan shingen, duk a cakuɗe. Kawu ya zo ya tsaya a kaina, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Ya ce Allah ya san inda yake.

Na ce, "Na san Allah ya sani. Ni ce ban sani ba."

Bai ce an ji ba. Muka koma mota. Har Manchester tukunyar tana kan cinyarsa.

Na kira council ɗin yankin. Aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan har na faɗa hannun wata yarinya mai ladabi. Ta ce an sallami mai kula, an ba wani kamfani aikin, suna zuwa da babban injin yankan ciyawa lokaci-lokaci, shingen yana hana injin juyawa. Ta ce duk abin da ba dutse ne da aka amince da shi ba, kwashewa ake yi. Ta ce wancan ɓangaren tun asali ba a rarrabe shi kabari-kabari ba. Ta ce sorry sau da yawa. Na nemi tsohon mai kulan, aka ce yana gidan tsofaffi, ba ya gane ko 'yarsa.

Daga ranar Kawu bai sake cewa zai je gaida mutanensa ba. Na ci gaba da zuwa da goro, ina yi masa shara, ina kai shi wurin GP, likitan unguwa. Muna hirar farashin gas da ciwon gwiwa. Maganar yaron ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Na zaci abin ya canja masa ra'ayi, don na ga yadda ya rame a watannin nan, na ga yadda yake zama ya kafa wa taga ido. Sai ga Liman a bakin matakala yana faɗa mini wasiyya. Bayan duk abin da ya gani da idonsa, tukunya dai. Ya san ni zai bari da maganar, kuma bai faɗa mini da bakinsa ba.

Da na zo kwashe kayan flat ɗin na sami tukunyar nan a ƙarƙashin gado, cikin ledarta, da busasshiyar lakar wancan filin a gindinta.

Ƙasa ta zauna. Masu maƙabarta suka aiko cewa lokaci ya yi. Na je na sami Liman na ce dutse zan sa. Ya yi mini nasiha mai tsawo, kuma mutumin kirki ne, ban raina shi ba. Ya ce wasiyyar mamaci amana ce. Ya ce wannan maƙabartar birni ce, ɓangaren Musulmi ne, ba za a yi mata abin da aka yi wa ta ƙauye ba. Na ce ta ƙauyen ma akwai lokacin da take da mai kula da almakashi. Na faɗa masa abin da za a rubuta: sunan Kawu, a ƙasansa kuma kakan wane, da sunan yaron.

Ya ce, "Amma Hajiya, yaron ba ya nan."

Na ce dutsen bai ce yana nan ba. Dutsen ya ce dai Kawu kakansa ne, kuma kakansa ne. Liman ya sake komawa kan wasiyya, ya jawo aya, ya jawo hadisi. Na saurare shi tsaf har ya gama.

Na ce, "To, an ji."

Mai sassaƙa duwatsun Bature ne, hannunsa duk farar ƙura. Ya tambayi sunan farko na ba shi. Ya tambayi na biyu. Na iya rubutu yanzu, da na so da na rubuta masa a takarda na tura. Ban rubuta ba. Na buɗe baki na faɗi sunan ɗana, karo na farko tun da aka raɗa masa shi, a gaban mutumin da bai san komai ba. Bai ji da kyau ba, ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ranar da aka kafa dutsen na je ni kaɗai. Ban tsaya a ƙofa ba. Na bi layi har na same shi, na karanta sunayen biyu da yatsa. Sannan na fito da tukunyarsa daga leda, na ajiye a ƙasa, na taka da dunduniya. Ba ta fashe da farko ba, sai da na sa ƙarfi. Ɓari ɗaya a kai, ɓari ɗaya a ƙafa. Ya roƙi tukunya, ya samu. Na san masu injin za su kwashe ta kafin azumi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya saka masa da wankan da ya yi wa bayinsa da kujerar da ya kwana a kai. Allah ya jiƙan duk waɗanda aka ajiye a bayan shinge, waɗanda ya sani da waɗanda bai kai gare su ba. Na yafe masa abin da zan iya yafewa. Shi ya ɗauki yaron daga hannuna ya kai shi inda ban sani ba, to ya riƙe shi.